Layin Ban Ruwa na Issawane

Barira ta gano ɓarnar da hantsi, kuma wallahi ba ta ji daɗin ganowar ba.

Ita ta rubuta manhajar da makiyayan Issawane ke kama layin ban ruwa da ita a famfon ƙungiyarsu. Mutum ya latsa waya, a ba shi lokacinsa. Ranar da aka yi cincirindo, sai manhajar ta ba garke biyu lokaci ɗaya, har aka zare sanduna a bakin kwami. Mijinta Sufyan, da ke aiki a biro, wato ofishin ƙungiyar, can Yamai, ya kira ta yana ɓoye murna: in abin bai gyaru ba zuwa Juma'a, patron, shugabansu, zai turo shi misyon, wato tafiyar aiki, nan Mayahi inda Barira take. Rabonta da shi tun kafin shuka, ga gero har ya fid da kai. Kewa ta ishe ta.

Duk da haka ta ɗauki ordinata, kwamfutarta, ta zauna gindin dogon yaro, don aiki ba ya jiran miji. Ta shirya gwaji, ta sako masu neman layi na ƙarya rututu, su afka wa jerin sunayen lokaci guda kamar awaki a bakin ƙofa. Jerin yana da makulli, hannu ɗaya kawai ke shiga, shi ya sa tun farko ta saki jiki da shi. Ta yi ta maimaitawa, sai ga biyu sun faɗa gurbi ɗaya. Ashe duba gurbi aiki ne daban, rubuta suna daban, kuma a tsakani makullin na sakewa, wani ya kutso. Ta haɗa ayyukan biyu a makulli ɗaya, ta sake sako awakinta tana roƙon Allah su yi karo. Suka bi layi tiryan-tiryan, marasa kunya.

Wa zai sani in ta yi shiru har Asabar? Amma gobe ma za a ba dabbobi ruwa, ga tsoho Oumarou, makiyayin da ya sha sanda ranar, har yanzu da ɗauri a goshi. Ta tura gyaran, sannan ta kira Sufyan.

"Baban Khalil, na gyara."



"Duka?"

"Duka."

"Ki ƙara gwadawa mana, Barira. Ƙila da saura."

"Na gwada har batir ya mutu."

Ya yi 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. "Ke ma dai, mi ya kai ki wanga sauri? Shi ke nan, an soke tahiya."

"To sai yaushe?"

"Sai in wani abu ya ɓaci."

Da suka yi sallama, ta jona ordinata a wuta, ta bi aikin nata daga sama har ƙasa tana nema. Babu abin da zai ɓaci.