Zoɓon Malam Gwadabe

"Malama! Malama Rifkatu, don Allah fito!"

Rifkatu tana kwance a kan tabarma a tsakar gida, ta ɗaure kanta tamau da ɗankwali saboda ciwon kan da ya hana ta zuwa aiki kwana biyu, sai ta ji muryar Iya Barakatu ta bayan katanga. Shekara uku suna maƙwabtaka, ba ta taɓa jin matar nan ta ɗaga murya ba. Ta yunƙura da cikinta na wata bakwai, ta zura silifa, ta zagaya.

Ranar Juma'a ce, zafin bazara ya kai intaha, maza duk sun tafi masallaci. Layin tsit yake, sai kukan shanu da ake jiyowa can daga kasuwar kara.

A zaure ta tarar da Malam Gwadabe, mai gidan da suke haya. Yana zaune a kan buzu ya jingina da bango, ya dafe ƙirji, gumi ya jiƙa masa riga. Ga bokiti a gefensa, ya yi amai har ya gaji.

"Tun da na shigo gidan nan bai taɓa rasa Juma'a ba sai yau," in ji Iya Barakatu, matarsa. "Ya ce zazzaɓi ne. Ni dai ban taɓa ganin zazzaɓi irin wannan ba."

"Sannu, Baba," in ji Rifkatu, ta durƙusa da ƙyar.

"Yawwa, Malama. Ya nauyin jiki? Rabu da ita, tsoro ne da ita kamar farar kura."

Kafin ta amsa, warin ya doki hancinta. Wari ne kamar na tafarnuwa da ta haɗu da ruɓaɓɓen kifi. Ta ɗaga kai ta dubi ƙofar ɗakin ajiya da ke cikin zauren. An toshe ƙasanta da tsumma, an lilliƙe gefenta da leda. Rifkatu ma'aikaciya ce a ɗakin gwaje-gwaje na sashen aikin gona a jami'a, kuma ta san warin nan. A wurin aiki, gwangwanin da ke da wannan wari a cikin akwatin ƙarfe yake, da kwaɗo biyu.



Mako biyu kafin nan, bayan la'asar, Malam Gwadabe ya kira ta nan bakin zauren ta taya shi sauraren wani saƙon murya, don kunnensa ya fara nauyi. Ɗansa Bilya ne ya turo daga kasuwar Dawanau, inda yake dillanci. Wai an dawo da kayan wani babban ɗan kasuwa daga bakin teku saboda an ga ƙwaro a ciki, don haka masu saye sun ce bana buhun da aka samu ƙwaro ko ɗaya ne a cikinsa ba za su taɓa shi ba. Shi kuwa Malam Gwadabe duk gonarsa ta Lajawa zoɓo ya shuka a daminar da ta wuce, ko dawar ci bai yi ba. Ya tsince, ya shanya, ya ɗura a buhuna ya jibge a ɗakin nan har rufi, yana jiran wayar da za ta ce masa lokaci ya yi.

"Malama, ke da kika yi boko," ya ce da ita ran nan, "wai su mutanen ƙasar Meziko ɗin nan da ake kai wa kayanmu, me suke yi da zoɓo haka?"

Ta latsa wayarta ta nuna masa hoton wata mata tana zuba jan ruwa a kofi daga wata babbar kwalba.

"Sha suke yi, Baba, da ƙanƙara. Kamar mu."

Ya kawo wayar kusa da ido, ya daɗe yana kallo, sannan ya yi dariya.

"Ikon Allah. Kin ga yau ne na fara ganin fuskar mai saye. Ubana gyaɗa ya noma wa Turawa har ya mutu, ba don yana so ba. Haraji da kuɗin Bature ake biya, kuɗin Bature kuwa sai a bakin sikelin gyaɗa ake samunsa. Da gyaɗa ta mutu aka ce auduga, muka yi. Aka ce riɗi, muka yi. Yanzu an ce zoɓo. A da sai labarin farashi ya kwana uku a hanya kafin direban babbar mota ya kawo mana shi Wudil. Yanzu a aljihuna yake kwana, da asuba ya tashe ni. Amma har gobe wani ne can yake faɗa, mu mu ce to."

Ta yi dariya ta koma gida. Bai ce mata zai sa magani ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Yanzu a zauren ta dube shi.

"Baba, me ka sa a ɗakin nan?"

"Ƙwayar nan ce da ake ce wa bam. A kasuwa na saya."

"Guda nawa?"

"Mai maganin ya ce biyu-biyu a tsakanin buhuna. Na ce tunda mutanen nan ba sa son ko ƙwaro ɗaya, bari in juye gwangwani ukun gaba ɗaya."

"Yaushe?"

"Ran Talata."

"A nan kake kwana?"

"To wa zan bar wa shi? Abincinmu na shekara ne a ciki."

Rifkatu ta ɗaga ido sama. Asali gida ɗaya ne, Malam Gwadabe ya raba shi biyu da katanga. Rufin kwano ɗaya ne ya rufe ɗakin ajiyar da ɗakin kwananta, kuma bangon da ke tsakani bai kai har sama ba. Kwana uku ke nan tana barci, kanta na jikin wannan bangon. Ciwon kan, da tashin zuciyar da ta ɗauka laulayi ne ya dawo. Ta kai hannu kan cikinta. Ta yi ƙoƙarin tuna yaushe rabon da ta ji motsi, ta kasa.

"Iya, kama shi mu fita. Yanzun nan. Guba ce, iska take bi."

Suka kama shi suka fitar da shi ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Nauyinsa ya fi ƙarfinsu, ƙafafunsa suna ja da ƙasa. Da suka zaunar da shi sai ya ga hannun Rifkatu na kan cikinta, ya dubi rufin gidan, ya sake dubanta.

"Har wajenki take shiga?"

Ta gyaɗa kai.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce a hankali. "Ga shi Sama'ila da zai tafi ni ya bar wa amanarki."

Sama'ila mijinta ne, yana koyarwa a Kaltungo, sai ƙarshen wata yake zuwa. Rifkatu ta ce wa Iya Barakatu ta kawo ruwa, ita kuma ta nufi bakin layi tana ɗaga waya sama tana neman sabis, ko za ta samu mai adaidaita sahun da ke kai ta aiki. Ta kira sau uku ba a ɗauka ba. A na huɗu ya ɗauka, ya ce yanzu aka sallame, ga shi nan.

Tana juyowa ta ga babu kowa a ƙarƙashin darbejiyar. Daga cikin zaure ta ji ƙarar leda ana yagewa, sannan ƙyaure ya yi ƙara.

"Baba! Baba, kada ka shiga!"

Ta iso bakin zauren ta tsaya cak. Warin ya fito kamar an buɗe tukunya. Iya Barakatu ta taho da gudu, kwanon ruwan ya faɗi, za ta kutsa ciki. Rifkatu ta riƙe mata zane da hannu biyu.

"Sake ni! Sake ni, mijina ne!"

"Iya, in kika shiga ku biyu za a fitar."

"To ke ki bar shi ya mutu?"

Rifkatu ba ta sake ta ba. Suna jin sa a ciki yana tari, yana jan buhuna, yana tsayawa, yana sake ja. Sai suka ji bugu, ya fasa tagar baya wadda ya toshe da laka. Taku bakwai ne tsakaninta da ƙofar ɗakin, tana ganinta sarai. Ta yi ta kiran sunan Yesu a zuciyarta, ƙafafunta kuwa sun ƙi gaba. Sai tarin ya tsaya. Shirun ya yi tsawo har Iya Barakatu ta daina fizga, ta zube a ƙasa.

Can sai ga shi yana rarrafowa, ya ƙulle wani abu a cikin hularsa. Ya fito har waje, ya jefa hular can cikin kwata, wata farar toka ta watse. Ya kwanta rub da ciki a kan ƙasa.

"Na kwashe," ya ce. "Duka na kwashe, Malama."

Ranar kasuwa ce, titin ya cushe. Tireloli cike da shanu masu tafiya kudu sun jeru tun daga bakin gada, mai adaidaita yana kutsawa ta gefen titi, yana zagin 'yan acaɓa. Kan Malam Gwadabe na kan cinyar matarsa, leɓɓansa sun yi baƙi. Wayarsa na cikin aljihu sai ƙara take, saƙo na shigowa kan saƙo, babu wanda ya kula ta. Rifkatu na gefe, ta danna tafin hannu a cikinta tana jira. Gargadar hanya kawai take ji.

A asibiti likitan ya saurare ta har ta gama, ya tambayi kwana nawa, ya tambayi gwangwani nawa. Ya ja ta gefe.

"Kin san abin nan ba shi da makari. Za mu sa masa ruwa da iska, mu ga abin da Allah zai yi. Ke ma ki kwanta a duba ki."

Wata nas ta kwantar da ita, ta shafa mata mai mai sanyi a ciki, ta ɗora na'ura. Ta kai ta dama, ta kai ta hagu. Sai shuuu kawai ake ji. Rifkatu ta ƙura wa fankar da ba ta juyawa ido. Nas ɗin ta daina hira, ta gyara tsayuwa, ta danna can ƙasa. Sai ga shi, ƙanƙani, da sauri, kamar gudun ɗan tsako.

"Ga mutumin naki nan," in ji nas ɗin.

"Lafiyarsa ƙalau?"

"Zuciya dai tana bugawa. Sauran sai ya fito mu gani."

Da yamma ta shiga ɗakin maza. Malam Gwadabe ya farfaɗo, har ya sha ruwa, Iya Barakatu ta fara cewa an gode Allah. Rifkatu ta san yadda gubar nan take yi, takan saki mutum ya yi magana kafin ta koma wa zuciya, amma ta yi shiru. Ya yafito ta da hannu.

"Yaron fa?"

"An ji bugun zuciyarsa, Baba."

"Alhamdulillahi." Ya rufe ido, ya buɗe. "Ki yafe ni, 'yata. Wallahi ƙwaro na nufa."

"Ba ka yi mini komai ba, Baba."

"Ki gaya wa Sama'ila ni ne. Kada ya ji a bakin wani."

Washegari da hantsi, Bilya na kan hanya daga Kano, Malam Gwadabe ya ce a gyara masa kwanciya ya fuskanci gabas. Iya Barakatu ta gyara shi. Ya yi kalmar shahada sau biyu, ta ukun ba a ji ƙarshenta ba. Kafin azahar an kai shi.

Rifkatu ba ta koma ɗakinta ba. Wata abokiyar aikinta ta ba ta wuri a rukunin gidajen ma'aikata, Sama'ila ya zo ya kwashe musu kaya ya rufe baki da ƙyalle. Kullum da safe takan zo ta zauna cikin mata masu karɓar gaisuwa. Iya Barakatu tana amsa gaisuwarta, amma ba ta dubanta. Rifkatu kuma duk sanda ta ɗaga hannunta sai ta tuna yadda ya riƙe zanen nan.

Kwana tara da rasuwar, babbar mota ta tsaya a bakin layi. Bilya ya zo da wani mutum mai ƙaramar jaka a rataye. Mutumin ya farke buhu uku, ya zuba a faranti, ya baza da yatsa, ya ɗaga a rana. Ya ɗauki hoto da waya ya tura, ya tsaya jira. Ba a jima ba wayar ta yi ƙara.

"Sun ce a loda," ya ce. "Kaya ya yi kyau, tsab yake."

Bilya ya juya ya fuskanci katanga, kafaɗunsa na rawa. 'Yan dako suka yi ta fita da buhuna har ɗakin ya zama wayam, motar ta tashi ta nufi gada.

Rifkatu na tsaye a bakin zaure lokacin da Iya Barakatu ta fito cikin hijabin takaba da tsintsiya a hannu. Ta zo ƙofar ɗakin ajiyar ta tsaya, ba ta shiga ba.

"Malama," ta ce, ba ta juyo ba. Ran nan ne ta fara kiranta tun ranar Juma'ar. "Yanzu ana iya shiga?"

"Ya kamata a ce gubar ta fita, Iya. Kwana goma taga na buɗe."

"Ya kamata."

Rifkatu ta matso ta tsaya kusa da ita, kafaɗarsu ta taɓa. Hasken rana ya shigo ta fasasshiyar tagar ya kwanta a daɓe. Wani ƙadangare ya leƙo ta wurin, ya sauko bango, ya tsaya a tsakiyar ɗakin yana gyaɗa kai. Babu wadda ta motsa a cikinsu. Suka tsaya suna kallon cikinsa yana hawa yana sauka.