Kwana Ukun da Kawu Bai Rubuta Ba

Jaka ɗaya. A ciki akwai kwamfuta, caja, kaya kala biyu, sabon tabarau na Kawu, kwalbar maganin hawan jininsa, da wasiƙa mai shafi biyu da na buga a takarda. Mota ta ci rabin hanyar zuwa gidan Kawu. Na karanta wasiƙar sau huɗu.

Matar da ta rubuto ba likitar dabbobi ba ce. Aikinta bin sawun rubuce-rubucen masana: wa ya ambaci wa, daga ina wata magana ta taso, ta hannun wa ta bi. Wannan karon lamba ɗaya take bi. Akwai wata allurar tsutsar ciki da ake yi wa awaki, takardu da yawa sun ce kwana uku ake jira bayan an yi ta kafin a sha nonon. Sabon gwaji ya nuna maganin yana nan cikin nono har kwana tara. Ta bi takardu ɗari da tamanin da bakwai da baya, duk suka kai ta wuri ɗaya: wani rahoto da aka buga da tafireta shekara talatin da suka wuce, mai ɗauke da sunan Kawu. Babu wanda ya taɓa ganin rahoton. Daga takardar binciken da na buga kowa ya kwafi sunan, don ni na fara ambatonsa. Tana roƙon in samo mata kwafi. In ba ta samu ba zuwa ƙarshen wata, za ta buga cewa kuskuren daga rahoton ya fito.

Ni ma ban taɓa karanta shi ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ina ƙasar waje ina digiri na uku, mai duba takardata ya ja layi ƙarƙashin kwana ukun, ya tambaya daga ina na samo. Daga kaina na samo. Jinin awaki shida na auna na yi lissafi, ban taɓa nono ba. Saura kwana biyu a rufe karɓar gyara. Na tuna Kawu yana da rahoto kan wannan allurar, sai na sa sunansa. Na ce wa kaina karramawa ce. Ƙanen mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana, shi ya koya mini riƙe sirinji. Ya yi shekara talatin da biyar a tashar binciken dabbobi, sunansa bai taɓa fita a wata mujalla ba. Da wannan takardar na samu aiki da na dawo gida. Da ita kuma aka ba ni ɗakin gwajin da nake shugabanta yanzu.

Na isa bayan azahar. Inna, matar Kawu, ta buɗe mini.

"Kin rame," ta ce. "Ba a dafa abinci a jami'ar taku ne?"

Kawu yana zaune a falo da rediyo a cinya.

"A'a, likitar takarda! Yau kin tuna da likitan akuya?"

"Ina wuni, Kawu. Ya jikin?"

"Jiki ya yi ritaya, baki ne kawai yake zuwa aiki. Har yanzu kina iya kama akuya, ko sai an kawo miki hotonta a kwamfuta?"

Na miƙa masa tabarau. Ya saka, ya dubi Inna sama da ƙasa.

"Ashe haka kika tsufa? Mayar mini da tsohon."

"Ka dubi madubi tukuna," in ji Inna.

Ya miƙe ya ja ni zuwa bango. Akwai firam da ban sani ba. A ciki an buga sunansa da sunan rahoton, ƙasa kuma wata 'yar takarda da ake gogewa ana sake rubutawa da fensir. An rubuta 187.

"Wani tsohon abokin aikina ke dubo mini duk wata," ya ce. "Mutum ɗari da tamanin da bakwai, a ƙasashen da ban san hanyarsu ba."

"Kullum sai ya goge gilashin nan," in ji Inna. "Hoton aurenmu kuwa gizo-gizo ya kama haya a kai."

Na jira har na sha ruwa, sannan na ce, "Kawu, ina so in ga rahoton."

Bai tambaye ni dalili ba. Ya ciro makulli daga aljihu ya ba ni.

Ɗakin ajiya yana bayan kicin. Taga ɗaya, kabad ɗin ƙarfe, tsofaffin takalman roba, akwatin sirinji na gilashi da aka daina amfani da irinsu. Ɗakin yana warin kafur. Rahoton yana saman kabad, cikin leda biyu. Bango shuɗi, shafi ashirin da biyu, an ɗinke shi da zare.

Aikin mai kyau ne. Shanu arba'in, an tatse su safe da yamma, an auna nonon kowace saniya kwana goma sha huɗu. Ya fi nawa aikin nesa ba kusa ba. A shafi na goma sha huɗu ya rubuta kwana bakwai ga shanu. Ƙasa da wannan akwai layi biyu da ya ja wa layi da biro: Ba a gwada a kan awaki ba. Kada a ɗauki lambar shanu a ɗora musu.

Da na ɗago, yana tsaye a bakin ƙofa.

"Kin gani," ya ce.

"Ka sani?"

"Ke kika aiko mini da takardar taki ta gidan waya. Kin zaci ban iya karatu ba ne?"

"Tun lokacin?"

"Tun ranar."

"Me ya sa ba ka yi magana ba, Kawu?"

Ya jawo wani tsohon bokiti ya kife, ya zauna a kai.

"Sau biyu na ɗauki waya. Na farko kina shirin jarrabawa, na ce bari ta gama. Na biyu kin samu aiki, na ce bari ta zauna da gindinta. Daga nan aka gayyace ni wani taro, aka ba ni kujerar gaba. Mutumin da ya yi shekara tara yana danne mini ƙarin girma ya taso ya gaishe ni da hannu biyu." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Ya yi mini daɗi, ɗiyata. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Na ba shi wasiƙar. Ya karanta a hankali, leɓensa na motsi.

"Amma fa duk mai akuyar da ya zo wurina, kwana goma nake ce masa," ya ce.

"Waɗanda ba su zo wurinka ba fa?"

Ya sake duban wasiƙar. Ni ma ba ni da bakin tambayar. Lambar ta shiga littattafan koyarwa. Na taɓa ganinta a jikin kwalin maganin. Ban san yawan yaran da aka ba nonon a rana ta huɗu ba, kuma babu wanda zai iya ƙirga mini.

Ya naɗe wasiƙar gida huɗu.

"Ki ce mata gara ta cinye shi. Kwafi ɗaya ne a duniya, ga shi a hannunki. Ta rubuta cewa tsoho ne ya yi kuskure. Wa zai kore ni daga aiki? Inna?"

"Ina jin ka," in ji Inna daga kicin.

"Za a gyara lambar ko ta yaya," ya ci gaba. "Awaki ba su damu da sunan mai laifi ba. Ke kina da ɗakin gwaji, kina da ɗalibai. In kika ce ke kika ƙaga, sai sun kafa miki kwamiti."

"Za su kafa."

"To?"

"Ka rubuta kada a yi. Ni na yi, na sa sunanka. Yanzu kuma in bari a ce kai ne."

"Ni na yafe."

"Akwai saura, Kawu. In na aika da shafin nan, za a gane ba ka taɓa faɗin kwana uku ba. Masu ambatonka za su daina. Waɗanda suka riga suka yi, za a lissafa su cikin kuskure."

Na ga bai kai nan a tunaninsa ba, ko kuwa ya kai ya kauce.

"Duka ɗari da tamanin da bakwai ɗin?"

"Babu ko ɗaya da ya karanta ka."

Bai kamata in faɗe shi haka ba. Na saba da rubuta gyara a gefen takardun ɗalibai, bakina ya koyi gajarta magana.

"Aikin shanun fa?" ya ce. "Wata takwas na yi ina tashi tatsa."

"Zan aika da rahoton duka. Wataƙila wani ya karanta."

"Wataƙila."

Na shimfiɗa rahoton a kan kabad, inda hasken taga yake faɗowa, na ɗauki hoton shafukan ɗaya bayan ɗaya da waya. Takardar tana naɗewa. A shafi na goma sha huɗu ya taso ya danne mini gefen da yatsa biyu har na ɗauka. Bai dube ni ba.

Muka koma falo. Ya tsaya gaban firam ɗin. Na zaci zai sauke shi. Fensirin da ke rataye da zare a jikin ƙusa kawai ya cire, ya sa a aljihu.

"Tabarau ɗin nan ya cika ƙarfi," ya ce. "Zan ɗan kishingiɗa."

Ya shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa.

Inna ta fito tana goge hannu da tsumma. Ta dubi ƙofar, ta dube ni.

"Me za ki yi?"

"Gobe da safe zan aika mata da rahoton," na ce. "Zan rubuta wa mujallar da ta buga takardata cewa lambar tawa ce, ni kaɗai."