Ƙahon Saniya a Wuyan Jita

Tun da Malam Uwais ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya mayar da rumfar bayan gidansa a Angwan Iya cikin Keffi wurin ƙera jita, 'yan jami'a suna zuwa saya. Sha'awar ta daɗe a ransa. Suna samari, shi da abokinsa Siman babu bikin da ke wuce su daga Keffi har Agwada, Siman na kiɗa, shi yana amshi.

Wata Asabar Filomina, 'yar Siman, ta yi sallama ɗauke da tsohuwar jitar babanta naɗe a zani. Aurenta ya matso, tana so baban ya yi mata kiɗa ko da waƙa ɗaya ce, amma ya ƙi. Fararen ɗige-ɗigen da ke wuyan jitar duk sun zube sun bar ramuka, ya ce ba zai fita bainar jama'a da jita mai wawulo ba.

Uwais ya karɓa, ya daɗe yana shafa ta. Ya gane ƙunar sigarin da ke gefenta, har da ranar da aka yi ta.

"Ki bar min ita, 'yata," ya ce. "Zan ga abin da zan iya."

Irin kwasfa mai ƙyalli da ake yin ɗige-ɗigen da ita ba a samun ta a kasuwar Keffi, don haka ya shiga gwaje-gwaje. Maɓallan riga suka tsage da ya goga su. Fasasshen tangaran ya zauna da kyau, amma bakinsa ya yanke shi a yatsa. Ya sayo ƙashi a mahauta ya dafa ya shanya, sai maiƙo ya riƙa tsattsafowa yana ɓata katakon. Matarsa A'i ta ce daga ranar kada ya sake taɓa mata tukunya.

Yana cikin wannan ya tuna mahaifinsa, yadda yakan gasa ƙaho a bakin murhu ya yi wa wuƙa ƙota. Da Hamsatu mai kawo musu nono ta zo, ya roƙe ta, ta kuwa kawo masa ƙahon wata farar saniyarsu daga ruga. Ya tsaga shi, ya gasa, ya danne tsakanin katako biyu har ya miƙe. Ƙaurin ya cika unguwa, amma shi ji ya yi kamar yana tsakar gidansu na da. Ya yanka ƙananan da'irori ya manna da gam. Babu biyu masu launi ɗaya, wata fara tas, wata da ratsin toka.

Da kansa ya kai wa Siman jitar. Tsohon ya bi sababbin ɗige-ɗigen da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya. Uwais ya fara ba da haƙuri cewa ba su kai na asali ba.

"Na asalin roba ne, Uwais," in ji Siman. "Ban taɓa gaya maka ba ne kawai."

Suka yi dariya har da tari. Siman ya ɗaure tsirkiya ya gwada wata tsohuwar waƙarsu, yatsun sun yi nauyi, baiti na biyu kuma ya ɓace musu su duka. Suka wuni suna gardamar yadda yake.

Ranar bikin Siman ya yi kiɗan a zaune. Ya maimaita baitin farko sau biyu, Filomina ta taka rawa da mijinta, babu wanda ya lura an rasa wani abu.