Littafi na Uku Ya Iso Abare

A duk Abare babu macen da ke karɓar hayar littafi ba ta fara tambaya ba, "Mi Zubaida tac ce?" Zubaida 'yar Gummi ce, aure ya kawo ta, kuma ta taɓa boko har aji uku na sakandare, don haka bakinta ya zama ma'auni. In ta ce littafi shirme ne, to Laraba dillaliya, mai zuwa daga Anka da atamfofi da littattafan haya a ƙunshi ɗaya, gara ta mayar da shi kawai. Marubuta da yawa sun sha zagi a tsakar gidan nan ba su sani ba. Mutum ɗaya ne Zubaida ba ta taɓa kushewa ba, wato Nababa Ɗantani, mai labaran aljannu da sarakunan ƙarƙashin ruwa. Abin da ya sa take son shi, in ji ta, ba ya lallashin mai karatu. In ya ga dama sai ya kashe wanda aka fi so, ya bar mutum da hawaye.

Sabon littafinsa, Gorar Numfashi, ya zo ne a shekarar da zinari ya haukata gari. Maza na kwaso duwatsu daga rami a buhu, mata na daka su a cikin gida, ƙura na sauka a kan tabarma da akushi da kawunan yara, ba wanda ya ɗauke ta bakin komai. Zubaida ma ta daka na mijinta Yakubu. In hannu ya gaji sai ta koma inuwar rumfa ta buɗe littafi, ɗiyarta Dija 'yar shekara biyar ta haye cinyarta tana saurare.

Labarin wata yarinya ce da sarkin aljannun kogi ya zuƙe numfashinta ya zuba a gora ya toshe. Ta kwanta, ba ta mutu ba, ba ta kuma tashi ba, uwarta ta shiga duniya neman gorar. Nababa da halinsa na jan rai, sai ya yanke littafi na biyu daidai inda uwar ta ɗora hannu a bakin gorar, sarkin aljannu na tsaye a bayanta. Na uku kuwa shiru. Duk zuwan Laraba amsa ɗaya ce, ba a fito da shi ba tukuna.

Cikin bazara yara suka fara faɗuwa. Amai, sai jijjiga, sai a ji kuka daga wani gida. Dija ta daina cin abinci, ta daina gudu, amma ba ta daina tambaya ba. Wata rana da hantsi, tana kwance a cinyar uwarta jiki duk ya saki, ta buɗe ido.

"Inna, yarinyar ga tana tashi?"

"Tana tashi mana."

"Kin karanta?"

Dija ta san uwarta sarai, ta san ba ta faɗin ƙarshen littafin da ba ta gani ba.

"To ki rantse, Inna."

"Wallahi tana tashi," in ji Zubaida.

Dija ta yi murmushi ta lumshe ido. Wannan ce magana ta ƙarshe mai tsawo a tsakaninsu. Kafin mako ya zagayo aka ɗauke ta a tabarma.

Daga baya likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce a cikin ƙurar nan. Aka kankare ƙasar tsakar gida aka zuba sabuwa, aka kwashi yaran da suka rage zuwa Anka. Mutane na yi wa Zubaida ta'aziyya tana amsawa da haƙuri kamar kowa. Amma akwai abin da ke cin ta wanda ba ta iya faɗa wa Yakubu, don zai ce ana maganar rai tana maganar tatsuniya. Ta rantse da Allah a kan abin da ba ta sani ba, kuma ta san Nababa. In ya kashe yarinyar nan, to da ƙarya ta yi sallama da ɗiyarta. Halin nasa da ta daɗe tana yabo shi ne yanzu ke hana ta sukuni.

Sai bayan an yanke gero Laraba ta shigo da ƙunshinta, tana ta kame-kame, ta nuna atamfa, ta yi maganar tsadar mota. Zubaida ta miƙa hannu kawai.

"Ba ni. Na ga bangonshi."

Ita ce mai yi wa mata dariya in sun leƙa ƙarshen littafi, tana cewa aikin raggaye ne. Ran nan ita ma shafin ƙarshe ta fara buɗewa. Uwar ta cire toshiyar gorar. Yarinyar ta yi atishawa, ta tashi zaune, ta ce tana son fura. Haka kawai, a rabin shafi.

Zubaida ta daɗe tana kallon takardar. Daɗi ya zo mata, baƙin ciki ya biyo shi ya danne, har ta rasa wanne ya kawo hawayen.

"Kaka kinka gan shi?" in ji Laraba a hankali. "Mata na jiran ta bakinki."

"Ya yi kyau. Bai taɓa yin kamar wanga ba, ki ba kowa." Ta share fuska da gefen mayafi. "Ta tashi, Laraba. Ban yi mata ƙarya ba. Amma in kin samu mai zuwa inda yake, a hwaɗa mishi akwai wadda tay yi ta jiran shi. Ya makara."

Laraba ta miƙa hannu za ta karɓi littafin, Zubaida ta ce ta dakata tukuna. Ta tashi ta koma inuwar rumfa, ta zauna a kan sabuwar ƙasar, ta miƙe ƙafa ta gyara zani a cinyarta yadda ta saba. Sannan ta fara karanta shafin ƙarshe da ƙarfi, a hankali, don mai saurare ta gane.