Lasifika a Ƙofar Gidanmu

Ranar Talata wasu ma'aikatan lafiya suka ɗauki hayar Keke Napep ɗina, suka ɗaura masa lasifika a ka. Aikina in zaga unguwannin Ali Kazaure da Kwararafa, muryar wata mata tana shela: ana duba nono kyauta a filin firamare har zuwa Alhamis. Kullutu a nono ko a hammata, jini daga kan nono, fata kamar ɓawon lemo, kada a zauna da su a ɗaki.

Da farko abin dariya ya zame mini. 'Yan keke suna ta ihu, "Likitan mata, mu ma a duba mu!"

Da la'asar na koma gida na ga rigar Inna a kan igiya. An wanke ta, amma tabon jini bai fita daga ƙirjin hagu ba. Sai na tuna tun azumi ta daina ɗaga kaskon awara da wannan hannun. 

Ni ne ɗan farinta. Ko sunana ba ta kamawa, saƙo ma ta bakin ƙanwata Salma take aiko mini. Da wane baki zan yi mata zancen nono?

Na ja Salma zaure.

"Yaya, ganye take ɗaurawa," ta ce da raɗa. "Wai in ƙarfen asibiti ya taɓa shi yaɗuwa yake. Ta ce in na gaya wa wani ba ta yafe ba."

Laraba ta wuce ina zaga gari ina jin jerin alamun nan, ina ganin rigar.

Ranar Alhamis na tsayar da keken a ƙofar gidanmu, na ƙure muryar lasifikar. Yara suka taru, mata suna leƙe ta katanga. Nkoli mai shagon kusa da mu, ƙawar Inna, ta fito toshe da kunne.

"Jabir! Kai ya haukace ne? Kashe wannan abu!"

Ban kashe ba. Ta dubi fuskata, ta saurari muryar, ta dubi ƙofarmu. Ko shago ba ta rufe ba ta shige gidan.

Na zauna riƙe da kan keke. In Inna ta ƙi, gobe babu masu dubawa.

Can suka fito, Inna cikin hijabi, ba ta kalle ni ba.

"Ki ce masa ya kashe, ya tara mana jama'a," ta ce wa Nkoli.

A filin firamare suka shiga tanti. Sun jima. Nas ɗin da ta fito ba ta murmushi.

"Kai ne ɗanta? Ba mu san ko mene ne ba tukuna, sai an yi gwaji a babban asibiti. Gobe da sassafe. Kada ka bari sai Litinin."

Na ce to. Inna ta hau baya, Nkoli na riƙe da ita. Na lalubo makulli, ya suɓuce ya faɗi ƙasa.