Wankan Rukayat

"Ke kam ba za ki taɓa ta ba," in ji Kaka, ta tokare ƙofar ɗakin da hannu.

Rahmatu na tsaye riƙe da bokiti da sabulu da ganyen magarya. A cikin ɗakin gawar maƙwabciyarta Rukayat ce, an lulluɓe ta a kan tabarma. Ita kuwa Kaka yayar mijin marigayiyar ce. Yanzun nan motar Bida ta sauke ta, amma labari ya riga ya tarye ta tun a tasha.

"Yaya, ita ta ce ni zan wanke ta. Tun bara ta sa na yi mata alkawari."

"Alkawari? Kin kashe ta da rawar 'yan Caina, kuma ke ce mai wanka?"

Matan da suka cika tsakar gida kowa ta sunkuyar da kai, kunne kuwa a buɗe.

Ga yadda rawar ta samo asali. Likita ne ya ce su riƙa motsa jiki, Rahmatu saboda gwiwa, Rukayat saboda hawan jini. To mace mai shekara hamsin da ɗoriya ina za ta kama gudu a titin Shango, masu shago su sami na kallo? Sai ɗan Rahmatu ya aiko da faifai daga Abuja: wata tsohuwa 'yar Caina tana ɗaga hannu da ƙafa sannu-sannu, wai taici ake ce masa. In an kawo wuta su kalla, in gari ya waye su gwada a tsakanin rijiya da igiyar shanya. Rukayat ta fi kowa tsiya. Takan ce sun yi kama da masu laluben kaza a akurki, amma ko sau ɗaya ba ta yi fashi ba. Sai ta gama take ɗora kaskon ƙuli-ƙulinta.

Yau da safe suna cikin juyawa ta ce, "Rahmatu, riƙe ni." Kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Rahmatu ma tun safe take tambayar kanta ko rawar ce ta kashe ta, kuma tsoron amsar take ji. Amma alkawari kaya ne, ga shi wadda aka yi wa ba ta da bakin tunatarwa.

Ana haka Ndatsu, mijin Rukayat, ya yi sallama ya shigo daga waje, inda maza ke jira. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ba ya son dogon zance.

"Lafiya har yanzu ba a fara ba? Liman ya ce da an idar da azahar za a yi jana'iza."

"Wannan matar ce," in ji Kaka.

Ndatsu ya dubi ƙasa. "Yaya, da kika zo babbar salla, ya kika ga Rukayat tana salla?"

"A zaune."

"To tun watan jiya a tsaye take yi. Asubar yau ma a tsaye ta yi ta, har da ruku'u. Da idona na gani." Ya gyara hula. "Kwana ne ya ƙare. A bar ta ta shiga."

Kaka ta sauke hannu, ba don ranta ya so ba. "Ni zan wanke. Ke zuba ruwa kawai."

Suka shiga, suka saki labule.

Da ƙyar Kaka ta durƙusa, tana dafa bango. Ta yaye mayafin daga fuskar Rukayat, ta daɗe tana kallo. Ita ce ta rako Rukayat gidan nan tana amarya, a jirgi. Ta naɗe tsumma a hannu ta miƙa, amma ta kasa taɓa gawar. Ta sake gwadawa. Sai ta warware tsumman ta ajiye a gwiwar Rahmatu, ba tare da ta dube ta ba.

"Ba ni butar."

Rahmatu ta yi bisimilla, ta ɗago hannun Rukayat na dama. Ƙanshin man gyaɗa bai bar tafin ba tukuna. Kaka ta karkata buta, ruwan ya riƙa sauka siriri a tsakanin yatsun.