Jikin Ya Ɗan Matsa

Hyacinth ya durƙusa yana latsa tayar baya da babban yatsa, ya zagaya ya latsa ta gaba, sannan ya miƙe yana kaɗe gwiwoyin wandonsa.

"Malam Kailani, wannan motar ko Legas ka ce ta je, za ta je ta dawo ba ta yi tari ba. Ina aka nufa?"

"Jos. Gobe da asuba, ni da Inna."

"Kai! Yau dai Mama ta yi nasara." Hyacinth ya tafa hannu yana dariya. Shi haifaffen Sabon Garin Zariya ne, iyayensa Inyamurai, amma Hausar bakinsa ko ɗan cikin ganuwa sai ya yi da gaske. Shagonsa na taya da kayan mota yana Kwangila, kuma tun suna samari suke tare da Kailani. "To ni yanzu na huta ke nan? Ranar Sallah da na je gaishe ta, tuwo na gabana take tambayata wai kayan motar nan ba su iso daga Kudu ba har yanzu? Na rasa wane kaya. Sai cewa na yi suna hanya, Mama. Ka sa ni ƙarya ina cin tuwon tsohuwa."

Kailani bai yi dariya ba. Ya cire hula ya share goshi.

"Yakumbo ta rasu, Hyacinth. Ɗazu da safe. Inna ba ta sani ba."

Dariyar ta ɗauke kamar an kashe rediyo. Hyacinth ya jawo benci ya ce, "Zauna, mutumina. Allah ya jiƙanta."

Yakumbo Zinariya yayar Inna ce, ciki ɗaya, kuma su biyun ne kaɗai suka rage a ɗakinsu. Aure ya kai ta Jos tun zamanin haƙar kuza, can ta haihu, can ta tsufa. Da ciwo ya kwantar da ita a farkon damina, Inna Ishatu ta fara cewa a kai ta ta ga Yaya. Kailani kuwa, kada a ɗauki alhakinsa, ba mugun ɗa ba ne. Malamin sakandare ne, shi ke riƙe da mahaifiyarsa a gidansa na Tudun Wada, maganinta na hawan jini bai taɓa yankewa ba. Sai dai mutum ne mai gobe-gobe. Wannan makon jarrabawa, wancan makon taron malamai, na gaba kuma mai ya yi tsada. Da uzurin ya ƙare sai ya ɗora wa mota: wai akwai wani ƙarfe a ƙarƙashinta da ya ci, cikin gari dai tana lallaɓawa, amma hawan dutsen Jos sai Hyacinth ya samo sabo. Motar haya kuma ai ba za a cusa tsohuwa mai ciwon ƙafa a ciki ba.

Abin da ya ƙara kwantar masa da hankali, duk ran da aka buga waya Jos aka ce yaya jikin, amsa ɗaya ce: da sauƙi. Kowa ya san da sauƙin Bahaushe. Ko mutum bai san wanda ke kansa ba, da sauƙi za a ce. Shi ma Kailani ya sani sarai, amma ya ɗauki kalmar ya yi matashin kai da ita.

To yau da hantsi sai ga wayar Zulkiflu, babban ɗan Yakumbo, murya a dushe. Rai ya yi halinsa, za a yi jana'iza bayan azahar, ba za a jira kowa ba. Ya ce don Allah kada a gaya wa Inna a Zariya, jininta zai iya hawa. A ce mata jikin ya ɗan matsa, a kawo ta gobe, idan ta shigo cikin 'yan uwa sai a faɗa mata. Haka Kailani ya yi. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinta ya faɗa, ya ƙara da cewa mota ta gyaru, bai ko jira ya ga fuskarta ba ya fito.

"Yanzu dai hanyar nake so ka tsara mini," in ji shi. "Kai ne kake bin ta. Ni rabona da ita tun ina ɗalibi."

Hyacinth ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa.

"Mai, yau za ka sha shi, ka cika tanki, kada ka ce sai da safe. Kana sallame asuba ka tashi. Daga nan zuwa Soba ba ka da matsala. Ka wuce Soba ka rage gudu, akwai ramukan da ba a ganin su sai an faɗa, ga manyan motoci suna kauce musu su shigo hannunka. Pambeguwa ku tsaya ku karya, Mama ta miƙe ƙafa. Sai Saminaka, sai Jengre, daga nan ka fara hawa, ka ba ta rigar sanyi. Kafin azahar kun shiga. In kuma za ka juyo a ranar, kada la'asar ta same ka a Jos. Hanyar nan ba a yi mata dare."

"Ran nan zan juyo. Ita za ta zauna sai an yi bakwai."

"To shi ke nan." Hyacinth ya yar da tsinken, ya sake ɗauka. "Amma tsaya. Kun ce sai ta shiga gida za a gaya mata?"

"Haka Zulkiflu ya ce."

"Zulkiflu yana cikin ruɗu. Kuna karya kwanar layin me za ta gani? Rumfa, tabarmi, maza a zazzaune suna shafa fatiha. Tsohuwa ta ga wannan ta gilashin mota, ba ruwa a hannu, ba kowa kusa? Mu a wajenmu ma ba a yin haka. Dole a hanya za ka faɗa mata."

Kailani ya dubi zanen da ke ƙasa. Ɗan layi ne karkatacce da ɗigo-ɗigo, amma sai ya ga kamar kowane ɗigo rami ne.

"A ina?"

"Ba Pambeguwa ba, hanya da saura, za ta yi ta kuka har Jos. Jengre kuma ya yi kusa, ba ta gama haɗiye maganar ba kun iso. Saminaka. Akwai inuwa, akwai masallaci, akwai kantin magani in jini ya tashi."

Haka manyan maza biyu suka zauna a kan benci, tireloli na wucewa ta kan gadar Kwangila, suna zaɓar garin da za a karya wa tsohuwa zuciya kamar masu zaɓar wurin cin abinci.

Kailani ya bi layin gidan mai, ya cika tanki, ya sa aka ƙara wa tayar ajiya iska, ya sayi ruwan gora. Duk abin da ya yi sai ya ga bai ɗauke shi komai ba. Ashe duk shirin tafiyar da ya gagara tun damina, yini ɗaya bai cinye ba. Wannan tunanin ne ya raka shi har Tudun Wada, yana kutsawa tsakanin keke da acaɓa, ana yi masa ham yana ji kamar daga wani gari.

Ya tarar da matarsa Rahma a tsakar gida tana tsince shinkafa. Idanunta sun yi ja, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Wallahi Malam na gaji da ɓuya," ta ce ƙasa-ƙasa. "In kuka ya zo mini sai in ruga madafa in ce albasa ce. Albasa tun safe?"

"Ta tambayi wani abu?"

"Abin da ya ba ni tsoro ke nan. Ko sau ɗaya ba ta ce a kira mata Jos ba. Ita da kullum sai ta ishe ni da a latso mata Yaya. Ta dai haɗa jaka, ta ce in wanke mata hijabinta mai ruwan toka. Abincin rana ko taɓawa ba ta yi ba."

"Gobe a Saminaka zan gaya mata."

Rahma ta ɗago ta dube shi. Ita ta san da wace mota aka je bikin abokinsa a Kano bayan Sallah, amma mace ce mai kawaici. Ta mayar da kai kan faranti.

Bayan la'asar ya yi sallama a ƙofar Inna. Tana zaune a kan darduma, ƙafafu a miƙe, carbi a hannu, jakarta a ɗaure a gefen gado. Ya tsuguna daga bakin ƙofa. Da yake shi ne ɗan fari, Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma ba ta cika kallon idonsa ba. Yau kam ya gode wa Allah da wannan kunyar.

"Inna, na zo ne in faɗa miki yadda tafiyar za ta kasance."

"Ina jin ka."

Ya shiga jero mata kamar mai karanta darasi a aji. An sha mai. Ana sallame asuba za a tashi. Ta sha maganinta kafin a fita. Ta zauna a baya don ta miƙe ƙafa, Rahma za ta sa filo. A Pambeguwa za a karya. A riƙe rigar sanyi a kusa saboda hawan dutse.

"Sai kuma Saminaka," ya ce. "Nan za mu ɗan tsaya ki huta."

"Hutun me, bayan an huta a Pambeguwa?"

"To, ai... akwai inuwa."

Inna ta ja ƙwayar carbi ɗaya, ta ja ta biyu.

"Kai wannan," ta ce, "da azahar aka kai ta ko sai da aka yi la'asar?"

Daga tsugune Kailani ya zame ya zauna daɓas a kan siminti.

"Inna..."

"Tambayarka na yi."

"Da azahar."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta maimaita, ta sake maimaitawa, a hankali, kamar mai lallashin jariri. Hawaye suka gangaro ta cikin tsagar kumatunta, ba ta share ba. "Allah sarki Yaya. Allah ya sa kin huta."

"Wa ya gaya miki?"

"Kai mana. Tun damina ake ce mini da sauƙi. Ran da ta daina gane mutane ma da sauƙi aka ce. Mai rai ai ba ya rabuwa da sauƙi a bakinmu. Ran da ka ji an ce jiki ya matsa, a zo, a kawo tsohuwa, to an riga an rufe fuska. Ni nawa na kai wa irin wannan saƙon? Na yi shiru ne don na ga kuna ta wahala, ita waccan tana ta yanka albasar da babu. Kuma ina so in yi mata sallata a nan, ni kaɗai, lokacin da na san suna ɗaukar ta."

Ya sunkuyar da kai. Yanzu ne za ta faɗa, ya ce a ransa. Za ta ce sau nawa na roƙe ka. Har so yake ta faɗa, ta ɗaga murya, ta kira sunansa ma in ta ga dama, ko ya sami abin da zai riƙe ya nemi gafara a kai. Ya buɗe baki, sai kuka ya riga magana fitowa, irin kukan babban mutum mai fita da ƙyar kamar ana jan guga.

"A'a, a'a. Kul." Inna ta matso, abin da ba ta taɓa yi ba tun yana yaro, ta dafa masa kai. "Kada ka ɗora wa kanka. Kai me ka yi? Mota ce ta ƙi. Ƙarfe ne, ba ya jin roƙo. Ina kallon ka duk lokacin nan, in na yi maganar Jos sai fuskarka ta canza, na san abin yana cin ka. Allah bai rubuta za mu gana ba, shi ke nan."

Ya ɗago ya dube ta ta cikin hawaye, yana neman ko da ɗan alamar gugar zana a fuskarta. Babu. Tsakani da Allah take faɗa.

Ta juya ta jawo wata kwalba daga ƙarƙashin gado, an naɗe bakinta da leda an ɗaure da zare. Zuma ce, farar saƙa, har ta fara daskarewa a gindi.

"Wannan Yaya na ajiye wa, tana son ta a kunu. Ungo, ka kai wa yaron nan Hayasin. Ka ce na gode, Allah ya yi masa albarka. Ya yi ta fama da neman kayan nan har Allah ya sa aka dace, ga shi ko ba komai zan je in zauna a inda ta kwanta." Ta share fuska da gefen hijabi. "Saminaka kuma ba sai mun tsaya ba. Mu wuce kawai."

Ya karɓa da hannu biyu. Gaskiyar maganar motar tana nan a bakinsa, gajeruwa ce, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Amma ya dubi tsohuwar da ta rasa 'yar uwarta yau, ya ga abin da ta jingina da shi ke nan, in ya zare kuma bai san inda za ta faɗi ba. Ya haɗiye. Ya ce, "To, Inna."

A tsakar gida Rahma ta dubi kwalbar, ta dube shi. Ya wuce waje. Motar tana bakin titi, sai an shigo da ita kusa da zaure saboda lodin asuba. Ya ajiye zumar a kujerar gefe, ya zauna ya daɗe riƙe da sitiyari, sannan ya murɗa makulli.

Bugu ɗaya ta tashi, lafiya lau, ko gargada babu.

Ta tagar ɗakin da ke kallon titi ya jiyo muryar Inna, a dushe, tana ce wa Rahma, "Alhamdu lillahi. Ji yadda ta tashi. Kai, yaron nan ya iya gyara."